Tayar keken tseren daji: me ya sa take riƙe burji, ta zame a tsakuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi keken hawan dutse na gwanjo a nan Jos, mai wili inci 29, da tayoyin Maxxis Ikon 2.2 gaba da baya, da tub a ciki. Nauyina kilo 72, mai faci kuma yakan buga mini iska har PSI 40 a kan gejinsa. A kan hanyar burji keken na gudu ba a magana, amma da na shiga turbobin Lamingo da gindin duwatsun Shere sai tayar gaba ta riƙa zamewa a kwana, cikin yashi ta nutse, da damina kuma laka ta cika ta. Tayar ce ba ta da kyau? In canza ta da masu manyan haƙora?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sayi komai tukuna. Tayar da ke jikin kekenka taya ce ta gaske, da irinta ake shiga manyan tsere a duniya. Mafi yawan wahalar da ka lissafa daga iskar nan 40 take, sauran kuma daga yadda aka ƙera tayar tun asali. Ta farkon kyauta ake gyara ta, yau ɗin nan ma. Ta biyun kuwa sai ka san halin tayar a kan kowace irin ƙasa, sannan ka yanke abin da za ka iya haƙura da shi.

Durƙusa ka duba tsakiyar Ikon ɗinka da kyau. Haƙoran ƙanana ne, gajeru, a matse da juna, kuma an ɗan zaftare gaban kowanne don ya hau ƙasa ba tare da turjiya ba. Na gefe sun ɗan fi tsayi, su ba sa taɓa ƙasa sosai sai ka kwantar da keke a kwana. An yi ta haka ne saboda tseren ratsa daji da ake kira XC, wanda ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Ana zagaye ne na kimanin awa ɗaya da rabi, kuma a hawa mafi yawan lokacin yake ƙarewa. Mai irin wannan tsere ko giram ɗari aka ƙara masa a bakin wili sai ya ji a cinyarsa. Shi ya sa tayar XC takan tsaya tsakanin giram 600 da 800, alhali ta masu gangarowa daga kan tsauni takan wuce kilo ɗaya. Nino Schurter ɗan Suwizalan, wanda ya ci zinare a Rio a 2016, ya daɗe yana hawa Maxxis Aspen, wadda haƙoranta na tsakiya sun fi naka ƙanƙanta. Taura biyu ba ta taunuwa. Abin da aka ba tayar na gudu, daga riƙon ƙasa aka rage shi.

Mu zo kan iska, don ita ce uwar maganar. Mai faci da tayar mota da ta babur ya saba, a wajensa taya mai kyau ita ce wadda babban yatsa bai lotsa ta. Lambar da aka rubuta a gefen taya kuma iyaka ce da ba a so a ƙetare, ba ita ake so ka buga ba. Kai da keke kun kai kilo 85. Duk wannan nauyi a kan wasu 'yan wurare biyu yake zaune, inda roba ke taɓa ƙasa, kuma iska ce ke yanke faɗinsu. In ka sauko daga 40 zuwa 25, wurin zai ƙaru da fiye da rabinsa, haƙoran da suke rataye a iska su sauko su kama aiki. Bayan haka, taya mai tauri ba ta lanƙwasawa ta rungumi dutse ko tsakuwa, tsalle take yi a kansu, kuma duk lokacin da take sama ba ta da birki, ba ta da kwana. Mutane da yawa suna jin karkarwar keke a hannunsu su ɗauka gudu ne. A kan kwalta mai santsi iska mai yawa tana da amfani, amma a kan gargada ƙarfin ƙafarka ne ke tafiya wajen ɗaga kai da keke sama da ƙasa, maimakon tura ku gaba.

Tun da akwai tub a ciki, fara da 26 a gaba, 29 a baya. In ka koma tubles, wato taya marar tub, za ka iya sauka ƙasa da haka. Kamfanin Stan's NoTubes yana da wani tsohon lissafi da ake farawa da shi, wanda in aka mayar da shi kilo yake nufin ka raba nauyinka da 3.2, ka rage ɗaya don tayar gaba, ka ƙara biyu don ta baya. A wajenka wannan ya ba da kimanin 22 da 25. Nemi gejinka na kanka, don ba kowane geji ne ke gane bambancin 22 da 25 daidai ba, kai kuwa a kwana za ka gane. Ka tuna kuma duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ƙara kusan 1 a kan geji, saboda haka iskar da ka auna da asubar hunturun Jos ba ita ce a cikin tayar da azahar ba. In iska ta yi kaɗan tayar da kanta za ta faɗa maka: za ka ji ta naɗe a ƙarƙashinka in ka matsa a kwana, ko ka ji rim ya bugi dutse ƙwal. Da ka ji haka, ƙara 2.

A kan busasshen burji da jar ƙasar da sawu ya daɓe, babu abin da zan ƙara maka, ka riga ka gani. Nan ne gidan tayar. Ƙasa ba ta nutsewa, ba a bukatar dogon haƙori, yawan robar da ke taɓa ƙasa shi ne riƙo. In ka sa manyan haƙora a nan, abin da za ka samu shi ne ƙugi da gajiya, kuma dogayen haƙoran kan lanƙwashe a kwana saboda babu inda za su shiga.

Inda tayarka ke zamewa kuwa, wato tsakuwa da ƙura a kan ƙasa mai tauri, shi ne wuri mafi wuya ga kowace tayar XC, kuma shi ne ya fi yawa a turbobinmu daga Disamba zuwa Maris. Watanni ba ruwa, kofaton shanu da tayar babura sun niƙe saman turba, sai ka sami wani siririn shimfiɗi na ƙananan tsakuwar marmara da ɓarɓashin dutse, ƙarƙashinsa kuma tauri. Kamar a zubar da gero a kan daɓen siminti ne a ce ka yi gudu ka sha kwana a kai. Don taya ta riƙe, dole haƙori ya huda shimfiɗin nan ya isa ga taurin da ke ƙasa. Haƙoran Ikon na tsakiya gajeru ne kuma a matse, sai su hau kan tsakuwar su mirgina tare da ita. Da iska 40 abin ya fi muni, don tayar ta yi ƙunƙuru, tsakiyarta kaɗai ke ƙasa.

Rabin maganin wannan a jikinka yake. Haƙoran gefe su aka yi don kwana, amma ba za su yi aiki ba sai an kwantar da keke an ɗora musu nauyi. Wanda tsoro ya kama yakan ja da baya a kan sirdi, ya miƙar da keke, ya murɗa kan keken, ya kuma taɓa birkin gaba a tsakiyar kwana. Duka huɗun nan suna ƙwace wa tayar gaba riƙonta. Gama birkinka tun kana miƙe, kafin ka shiga. Sauke fedar waje ƙasa ka danna ta da ƙafa, ka kwantar da keken fiye da yadda ka kwantar da jikinka, ka bar ƙirjinka kusa da kan keke don gaba ta ji nauyi, idonka kuma yana kan mafita. Bayan ka wuce, sauka ka koma ka dubi sawun da ka bari a ƙura. In ka ga shatin haƙoran gefe ƙwaya-ƙwaya, tayar ta ciji ƙasa. In kuwa share ɗaya ka gani mai santsi da tsakuwa a ture gefe, ba ka kwantar da ita yadda ya kamata ba, ko iska ta yi yawa. Wannan duba sawun ya fi dogon bayani koyar da mutum.

A hawa mai irin wannan ƙasa, tayar baya ce ke kartar banza da zarar ka miƙe tsaye a kan feda. Zauna, ka matso bakin sirdi, ka sa giya mai sauƙi, ka riƙa juya ƙafa a hankali ba da fizga ba. Kuma ka riƙe wannan bambanci, don a kansa shawarar sayayya za ta tsaya: in tayar baya ta zame, yawanci kana iya cetowa, in ta gaba ta zame kuwa, kafin ka ankara kafaɗarka na ƙasa.

Falalen dutse irin na Shere, in ya bushe, zai ba ka mamaki. Dutsen yana da kaushi, ƙananan haƙora kuma suna kwanciya a kansa su manne, har ka hau gangaren da ido ke cewa ba ya hawuwa. A nan tsawon haƙori ba shi da wani tasiri, laushin robar ne ke aiki. Kamfanoni sukan rubuta irin robar a gefen taya. A wajen Maxxis, MaxxSpeed ita ce ta gudu, MaxxTerra tsaka-tsaki, MaxxGrip mafi laushi da saurin cinyewa. Schwalbe kuma zare mai launi suke ja a jikin tayar, ja na gudu, shuɗi na gudu da ɗan riƙo, ruwan lemo mai laushi. Da zarar ruwa ya sauka kuma, labari ya canza. Jiƙaƙƙen dutse mai tsabta yana riƙewa daidai gwargwado, amma inda ruwa ke tsattsafowa ya bar baƙin zane ko gansakuka, babu tayar da aka taɓa ƙerawa da za ta riƙe ka. Ka ratsa wurin a miƙe, ba birki, ba kwana, ko ka sauka ka tura.

Abin tsoron dutse na gaskiya shi ne gefen taya. Don a rage nauyi, gefen tayar XC siriri ne, dutse mai kaifi irin wanda masu fasa dutse ke fasawa yana iya tsaga shi a shafa ɗaya. Duba ko an rubuta EXO a jikin taka. Wani ƙarin shimfiɗi ne da Maxxis ke sa wa gefe, kuma a ƙasarmu ban ga dalilin hawa tayar da ba ta da irin wannan kariya ba, ko da za ta ƙara 'yan giram. Za ka kuma ga an rubuta 60 TPI ko 120 TPI, yawan zaren da ke cikin inci ɗaya na jikin tayar ke nan. Mai 120 zarenta sirara ne, ta fi laushi da daɗin hawa, mai 60 ta fi kauri da juriya, kuma ta fi araha. Ga wanda ba tsere yake ba, mai 60 ta wadatar. Matsala ta biyu ita ce rim ya matse tub a jikin dutse, ka ciro shi ka ga huji biyu kusa da juna. Wannan ne ya sa na ce ka tsaya a 29 a baya muddin kana da tub. Ka riƙa tafiya da ɗan yankin tsohuwar taya a jaka, in gefe ya tsage ka shimfiɗa shi ta ciki, zai kai ka gida.

Yashi ba ya bukatar haƙori ko kaɗan. Faɗi yake so da ƙarancin iska, don taya ta tsaya a sama. Manyan haƙoran da kake tunanin saya haƙa rami za su yi. A busasshiyar ƙorama ko wajen tsofaffin ramukan kuza, shiga da gudunka, ka sa giya mai sauƙi tun kafin ka isa, ka ja nauyi baya kaɗan, ka sassauta riƙon kai ka bar tayar gaba ta ɗan yi yawo. Kada ka daina feda, kada ka taɓa birkin gaba. Masu hawa a Kano, Katsina, Maraɗi ko Damagaram, inda rairayi ne abin kullum, su zan ce wa su nemi taya mai faɗin inci 2.35 ko 2.4 mai ƙananan haƙora irin taka, su rage iska iyakar yadda rim zai jure.

Laka iri biyu ce, kuma mutane na haɗa su. Akwai santsin da ke saman ƙasa bayan yayyafi, ƙarƙashinsa da tauri. A nan Ikon tana lallaɓawa in ka rage iska kuma ka yi komai a tsanake. Akwai kuma jan yumɓu mai danƙo na Yuli da Agusta. Shi wannan yana shiga tsakanin haƙora, kuma da yake tazararsu kaɗan ce ba ya fita. Cikin taku kaɗan tayar ta zama sumul, laka na kan laka, sannan ta fara kumbura, ta tattaro ciyawa da tsakuwa, har ta toshe tsakanin taya da fok, wato ƙarfen da ke riƙe wilin gaba, wili ya ƙi juyawa, ka tsaya kana sakace ta da kara. Tayar laka haƙoranta dogaye ne, a warwatse, don yumɓu ya sami hanyar fita in wili ya juya, kuma ba a so ta yi faɗi, don ta huda ta sami ƙasa, ta kuma bar fili a jikin firam. Maxxis Forekaster da Vittoria Barzo suna kusa da wannan ba tare da sun kashe gudu ba. To amma ra'ayina a kan jan yumɓu shi ne a bar shi ya sha iska. Yana cinye sarƙa da birki, yana iya karya abin canza giya na baya, kuma turbar da muke bi ta manoma ce da masu ɗauko itace, kwarin da tayarmu ta haƙa a cikinta ruwa zai bi ya zaizaye. Ƙasar da ke gindin duwatsu mai yashi-yashi ce, tana tsanewa da wuri. Washegarin ruwa, lokacin da ƙura ta kwanta, tsakuwa ta manne, yashi ya yi tauri, ita ce ranar da tayarka ta fi kowace rana riƙo a duk shekara.

Jiƙaƙƙiyar saiwa da kwantacciyar ciyawa ka ratsa su kai tsaye, kada ka bi su a karkace, kuma kada ka taka feda da ƙarfi lokacin da tayar baya ke kansu.

Ba ka ambaci ƙaya ba, amma za ta same ka. Tsidau, ƙayar aduwa da ta bagaruwa, da reshen da aka sare daga shinge aka yar a turba, duk suna ratsa siririyar robar da ke tsakanin haƙora. Wannan shi ne babban dalilin da zan sa ka kashe kuɗi a kan tubles kafin sabuwar taya. Tsarin ba sabo ba ne, tun 1999 Mavic da Michelin da Hutchinson suka fito da shi a keken dutse. Ana liƙe cikin rim da tef na musamman, a sa bawul mai roba a gindinsa, a zuba ruwan toshe huji kimanin mililita 80 zuwa 100 a kowace taya. In ƙaya ta shiga, ruwan ya biyo iska ya daskare a bakin hujin, sau da yawa ba ka ma sani ba sai ka ga ɗan jiƙaƙƙen tabo da ƙura ta manne masa. Duba ko an rubuta TR a gefen tayarka, alamar cewa tana iya zama tubles, ka kuma tabbatar rim ɗin na tubles ne, don kekunan gwanjo da yawa ba haka suke ba, kuma tilasta wa rim ɗin da bai dace ba yana iya sa taya ta fita a kwana. Injin mai faci a nan yake da rana, shi ke buga iska da ƙarfi ta zaunar da bakin taya. Zafinmu da bushewar hunturu suna shanye ruwan da wuri, saboda haka duk wata biyu ka girgiza wili kusa da kunnenka. In ba ka ji motsin ruwa ba, ya bushe, in ka buɗe za ka tarar da dunƙulen roba a ciki. Ko da tubles, tub ɗaya da famfo ba sa barin jaka.

In bayan ka gyara iska da hannu har yanzu gaba na zamewa, sai ka canza ta gaba kaɗai. Haka masu tsere da yawa ke yi, mai cizo a gaba, mai gudu a baya. Schwalbe ma a haka suka ƙera Racing Ray don gaba da Racing Ralph don baya. Ana haɗa Vittoria Barzo da Mezcal, ko Continental Cross King da Race King. A wajenka, Maxxis Rekon ko Forekaster mai faɗin 2.35 zuwa 2.4 a gaba, Ikon a baya, zai dace da tsakuwar rani da santsin damina gaba ɗaya. Ikon ɗin da ka cire ka ajiye ta a inuwa, don ta baya tana cinyewa da wuri, musamman in kana bin kwalta kafin ka isa daji. Manyan haƙora gaba da baya kuwa za su ƙara maka nauyi mai yawa a wuri mafi muni, su kuma ƙwace abin da ya sa kake jin daɗin keken a kan burji.

Wajen saye, lambar da ba ta ruɗi ita ce wadda ke kama da 57-622. Ta farko faɗin taya ne a milimita, ta biyu girman rim. Taka 622 ce, 584 ta inci 27.5 ce, 559 ta inci 26. Auna filin da ke tsakanin taya da fok kafin ka ƙara faɗi, ka bar aƙalla kaurin ƙaramin yatsa kowane gefe. In faɗin rim ɗinka ta ciki bai kai milimita 25 ba, ka tsaya a 2.35 ko ƙasa, don faffaɗar taya a kan siririn rim tana naɗewa in an rage iska. In ta gwanjo ce, tsawon haƙori kaɗai ba ya isa shaida. Danna farce a kan haƙori, robar da ke da rai tana lotsawa ta dawo, wadda rana ta dafa kuwa tauri take yi, kuma ba za ta riƙe dutse ba ko da haƙoranta cikakku ne. Tura haƙoran gefe da yatsa ka leƙa gindinsu, in ka ga tsaga sun kusa ɓallewa. Juya cikin tayar waje ka nemi faci ko zaren da ya tashi. In ka zo ɗaurawa, bi kibiyar da ke gefe, don haƙoran suna da gaba da baya.

Kafin duk wannan, zaɓi kwana ɗaya mai tsakuwa da ka sani, wadda babu rami ko dutse a gefenta, ka je da famfo da geji. Bi ta da 34, ka rage 2 ka sake bi da gudu iri ɗaya, ka ci gaba da haka kana duba sawunka kowane zagaye, har ka ji tayar ta fara naɗewa. Ƙara 2 a kan wannan lamba ka rubuta ta a wayarka. Ka yi wa ta baya haka a kan wata turba mai duwatsu, in rim ya fara bugawa ka ƙara iska, ka tsaya inda ya daina.